Ƙafar Mutari: Ƙaryar da Na Yi wa Ƙanena Shekara Sittin

Kakar bana ta cika shekara sittin da rasuwar ƙanena Mutari, kuma ni na tura shi inda ya mutu. Da wannan na fara don kada wani ya karanta rabin takardar nan ya ce tsoho ya zo neman a tausaya masa. Da ana komawa baya a warware abu ɗaya, ba abin da zan taɓa cikin shekaruna tamanin sai wata safiya a ƙofar gidan mai gari, da hannuna na dama da ya kama rigar Mutari ya ɗaga.

Sunana Habu. Manomi ne ni, a wani ƙauye tsakanin Gangara da Tanut. Ban yi lakkol ba, wato boko, allo na yi, sai da furfura ta fito na shiga karatun manya na koyi wannan rubutu. Wanda ya ga gargada a maganata ya yi haƙuri, ya dubi abin da nake faɗa.

Abin ya faru cikin shekarun da Nasara ke kira alif ɗari tara da ashirin da wani abu. Ban riƙe wani abun ba, mu da kaka muke lissafi. Ina da shekara ashirin, Mutari yana bina da biyu. Wanda ya gan shi daga cibiya zuwa sama zai rantse ɗan kokowa ne: ƙirji fal, wuya kamar na ɗan maraƙi, in ya tanƙwara hannu jijiyoyi su tashi. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa kamar an aro ƙafafun wani an liƙa masa. Sirara ne, ba nama, kuma kullum da sanyi. Ko a tsakiyar bazara, in muka kishingiɗa a inuwar magariya da rana tsaka ƙafarsa ta taɓa ni, sai in ji kamar an jingina mini randa. Harbinsa nake yi in ce ya matsa can.

Ku da kuka san rijiyoyin Damargu kun san ban ruwa mutum biyu yake ci. Ɗaya ya kora takarkari, san da ke jan guga, da igiya ya yi nisa har wasaki, babbar gugar nan ta fata, ya fito, ya juyo, ya sake komawa, tun hantsi har azahar. Ɗayan ya tsaya a bakin rijiya ya tari wasakin cike da ruwa, ya ɗaga ya juye a kwamin da dabbobi ke sha. Tsayuwar bakin rijiya ita ke karya baya, kowa gudunta yake yi. Mutari ita yake roƙo. Shi kaɗai yakan shayar da dabbobin gidanmu da na maƙwabta, har Fulanin da ke sauka kusa da mu da rani sukan tambaya ko yana nan kafin su kwance igiyarsu. Amma ka ce ya kora takarkari sau biyar, sai ka gan shi zaune a ƙasa yana matsa sha-raɓarsa yana cewa, “Yaya, wuta suke yi, kamar ana zare mini jijiya.” Ni kuwa in ce, “Ƙarya kake. Bakin rijiya kake so don ƴan mata su ga ƙirji.”

Yana da ciwon kai, yana da haɓo. A wurinmu haɓo ba ciwo ba ne, shaidar ƙoshi ne. In saurayi yana haɓo sai a ce jini ya yi masa yawa, a kira wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya ya rage. Ƙeyar Mutari duk tabon ƙaho ce. Duk sanda wanzami ya juye jinin a rami yakan ce da babanmu, “Wannan ɗa naka jininsa ya ishi mutum biyu.” Baba ya yi murmushi. Abin da ya kamata ya tsorata mu, shi muka mayar abin alfahari. Inna ce kaɗai ba ta yarda ba. Takan gasa tsumma a bakin murhu ta naɗe masa ƙafafu, ta ce, “Jinin da ya yi yawa, me ya hana shi saukowa nan?” Shekara sittin aka yi kafin wani ya amsa tambayar nan, kuma ba ta nan da za ta ji.

A kakar nan aka aiko daga bariki kowane gida ya ba da namiji ɗaya don aikin hanyar mota da ake ja daga Damagaram zuwa arewa. Aikin tilas ne, ba a tambayar ra’ayinka. Baba ya yanke magana tun a gida cewa ni zan tafi. Ya ce, “Kai ne babba, kuma ka san ƙafar ɗan’uwanka.” Na ce to. Amma bakina ne kawai ya ce to. An sa ranar tarewar amaryata bayan an gama ɗaurin dammuna, kuma kowa ya san wanda ya tafi aikin hanya bai san ranar dawowarsa ba.

Da safe muka taru a ƙofar mai gari. Mutari ya rako ni, yana riƙe da gorar ruwana da ƙunshin garin gero da Inna ta ɗaura mini. Gardin da aka aiko, wato dogarin bariki, wani dogo mai jar hula da bulala a hammata, yana bin layi yana matsa damtsen mutane kamar mai sayen rago ranar kasuwa. Da ya iso kaina ya matsa nawa, ya taɓe baki.

“Gidanku ba wanda ya fi wannan?”

Tambayar banza ce, ya riga ya ɗaga ƙafa zai wuce. Da na yi shiru shi ke nan. Sai na juya na kama rigar Mutari na ɗaga har wuya.

“Ranka ya daɗe, ga shi nan. Dubi ƙirji.”

Gardi ya bugi ƙirjin da bayan hannu ya ƙyalƙyale da dariya. “Kai, wannan ai sa ne! Shi kuka ɓoye kuka kawo mini kara?”

Mutari ya ce, “Ranka ya daɗe, ƙafafuna ba sa tafiya.”

Gardi ya dube ni. “Kai, gaskiya yake faɗa?”

Na ce, “Lalaci ne. Ya fi kowa cin tuwo a gidanmu.”

Mutane suka yi dariya, har mai gari. Baba yana tsaye a gefe bai iya cewa komai ba, don gidan da ya yi musu a ranar, mutum biyu za a ɗauka a cikinsa. Mutari bai zage ni ba. Ya dubi gorar da ke hannunsa ya ce, “Yaya, to in riƙe ta ke nan?” Na ce ya riƙe. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Sauran labarin daga bakin Shaibu na ji, maƙwabcinmu da suka tafi tare. Aikin kashi biyu ne: masu haƙar marmara da diga, da masu ɗaukar ta a kwando su kai kan hanya su dawo. Tun ranar farko Mutari ya roƙi a ba shi diga, ya ce zai yi haƙar mutum uku. Da an ba shi da ya yi, wannan na rantse. Mai tsaron aikin ya ce ba a zaɓen aiki a nan, mai irin wannan wuya kwando ya dace da shi. In ya zauna, bulala. Kuma a ƙafafun suke dukansa, wai don su farka. Shaibu yakan rage masa kaya a ɓoye, amma ba kayan ne ke kashe shi ba, tafiyar ce. A rana ta tara da hantsi ya ajiye kwando, ya kama kansa da hannu biyu, ya ce, “Shaibu, wani abu ya fashe.” Jini ya ɓalle masa ta hanci, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki. Kafin la’asar ya cika. Suka binne shi a gindin wata aduwa a gefen hanya, ba likkafani sai rigarsa, aka ce kowa ya koma kan kwandonsa.

Amaryata ta tare a ranar da aka sa. Da na lissafa daga baya, sanda ake guɗa a gidanmu Mutari ya kwana huɗu a ƙasa. Shaibu ya dawo da gorar, Inna ta karɓa ta rataye a ɗakinta. Ni ɗan fari ne, dama ba ta kiran sunana saboda kunya. Daga ranar ta daina ce mini ko da “kai”. In tana son abu a wurina sai ta faɗa wa matata. Shekara goma sha ɗaya ta yi a haka har ta rasu.

Nan ne na yi laifi na biyu, kuma ya fi na farko muni, don na farko na ƙiftawar ido ne, na biyu kuwa har na tsufa ina aikata shi. Ban iya ɗaukar abin da na yi ba, sai na ɗora wa mamacin. Duk inda aka tayar da zancen sai in ce, “Allah ya jiƙansa, amma da ya saba wa kansa da tafiya da bai mutu ba.” In yaro ya zauna a hanyar gona sai in daka masa tsawa, “Tashi, ƙafar Mutari!” Mutane suka ɗauka. Yau daga garinmu har Belbeji za ka ji uwa ta ce da ɗanta ƙafar Mutari, ba ta san ko an taɓa yin mutumin ba. Na taɓa jin ta a bakin wani direba a tashar Tanut, yana zagin motarsa da ta ƙi tashi. Aka yi dariya, na yi tare da su. Mutari bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, ba a mayar da sunansa a gidanmu ba, don wa zai sa wa ɗansa sunan rago? Abin da ya rage nasa a duniya zagi ne, kuma yayansa ne ya ƙera shi.

Da haka zan shiga kabari ba don Cima ba. Cima jikata ce, ƴar ɗana Lawali da matarsa Balki. Shekararta goma sha uku sanda abin nan ya faro. In ta kama taɓarya, daga bayan gari kana sanin ita ce ke daka. Amma tsakanin gida da rijiya sai ta sauke tulu sau uku. Haɓo kuwa har ta saba, takan toshe hanci da tsumma ta ci gaba da aikinta. Duk a gabana. Ni da na ga irin wannan da idona, me na yi? Na kira wanzami. Na kuma mayar da abin wasan kaka da jika.

“Amaryata, na fasa auren. Wa zai ɗauki mace mai ƙafar Mutari?”

“Tsoho, dama wa ya ce ina son ka? Haƙori nawa ya rage maka?” Ta yi dariya, sannan ta ce, “Wai don Allah wane ne Mutarin nan da kuke ta jingina mini?”

Na ce, “Wani rago ne da aka yi a da.”

Da bakina na faɗa. Ɗan’uwana, uwa ɗaya uba ɗaya.

Balki ce ta karya dokar gidan ta cewa ba a zuwa wurin likita sai da yardata. Ranar kasuwar Tanut ta ce za ta sayo kanwa, ta ɗora yarinyar a amalanke ta wuce da ita gidan likita. Majo, wato babban ma’aikacin wurin, ya ɗaura mata abin awon jini a damtse, ya ga hawan jini irin na tsoho mai teɓa a jikin yarinya. Da wani ne da ya ba ta ƙwaya ya sallame ta. Shi sai ya kwance abin ya ɗaura a ƙafa, a nan kuwa da ƙyar ya sami abin aunawa. Ya rubuta takarda zuwa Damagaram, can aka ce Yamai. A Yamai aka ɗauki hoton ƙirjinta aka ce sai an yi mata aiki, aikin kuma ba a yin sa a ƙasarmu, sai an fita da ita. Aka ce uba ya sa hannu. Lawali ɗa ne mai biyayya, ya ce ba zai sa ba sai na yarda.

Ban yarda ba. Na ce ba za a tsaga ƙirjin jikata tana numfashi ba. Na ce lafiyarta lau, ku dubi damtsenta. Ban ji kaina ba sanda nake faɗa. Tun kaka har bazara na riƙe takardar nan a ƙarƙashin tabarmata, yarinya tana zubar da jini ta hanci, uwarta tana bina da ido. Da na ga Balki ba za ta bar zancen ba, na shirya da kaina na tafi Tanut da ita da Cima, don in gaya wa majo ya fita harkar gidana.

Majon bai kai Lawali shekaru ba. Ya bar ni na gama faɗana tas, sannan ya ce, “Baba, ka taɓa feɗe rago?”

“Tun ba a haifi ubanka ba.”

“To ka san farar jijiyar nan mai kauri da ke fitowa daga zuciya ta bi ƙashin baya ta gangara?”

Na ce na san ta.

“Ita ke kai jini ko’ina. Ta Cima a tsuke take a wuri ɗaya, da haka aka haife ta, kamar an ɗaure ta da zare. Jini ya taru a sama yana neman hanya, shi ne ciwon kan, shi ne haɓon. Ƙasa kuwa ɗigo-ɗigo take samu. Kawo hannunka, Baba.”

Ya ɗora yatsuna a wuyan hannunta. Jini yana harbi kamar ɗan akuya a cikin buhu. Ya sa ta cire takalmi, ya ɗora yatsun a bayan ƙafarta. Shiru. Rufin kwano yana ƙuna a kanmu, gumi yana bin bayana, amma ƙafar nan randa ce. Na san wannan sanyi. Na sha harbinsa a inuwar magariya.

Na ce, “In an bar ta fa?”

“Allah ne masani. Wasu suna kaiwa girma. Amma wata rana jijiya tana iya fashewa a kai, ko zuciya ta gaji. Ga ta mace, in ciki ya zo nauyin ya ninka.”

Wani abu ya fashe. Haka Mutari ya ce da Shaibu. Na ce da Balki ta fita da yarinyar, na zauna a ƙasa, na ba yaron nan labarin da ban taɓa ba kowa ba, ko matata da muka yi shekara arba’in tare. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce ba zai rantse ba tunda bai ga Mutari ba, amma alamun duka na ciwon nan ne. Ya ƙara da cewa a zamanin can ko a ƙasar Nasara ba a fara wannan aiki ba, ba mai iya warkar da shi. Na san don ya sanyaya mini zuciya ya faɗa, Allah ya saka masa. Amma ba ta sanyaya ba. Ba wanda ya ce in warkar da Mutari. Abin da ya nema a wurina in yarda da maganarsa ne kawai. Da an bar shi a bakin rijiyarsa, wa ya san shekara nawa zai ƙara? Wataƙila goma, wataƙila ashirin. Da ya yi aure, da ya ga ɗansa.

A ranar na ce da Lawali ya sa hannu. Na raka su har Damagaram, a kan hanyar nan da Mutari ya ɗauko wa marmara. Shaibu ya daɗe da rasuwa, ban taɓa tambayarsa wace aduwa ce ba, don ina tsoron ya kai ni. Saboda haka duk aduwar da muka wuce na yi mata sallama, har yaron mota ya tambayi Lawali ko tsohon lafiya yake.

Wata bakwai takardu suna yawo a ofisoshin gwamnati, daga biro zuwa biro, kafin a sa ta a jirgi, a kan wata shidan da ni na cinye da taurin kaina. Likitocin can sun gaya wa Lawali gaskiya kafin su taɓa ta: ana iya rasa ta ana cikin aikin, ana iya tashi a tarar ƙafafun sun mutu gaba ɗaya, don sai an danne jijiyar an tsayar da jinin ƙasa kafin a yi ɗinki. Suka shiga ta gefen hagu, tsakanin haƙarƙari, suka yanke wurin da ya tsuke, suka haɗa bakin sama da na ƙasa suka ɗinke. Lawali ya ce in tsukewar ta yi tsawo wani bututu suke sawa ya tsallake wurin, amma ta Cima ba ta kai ga haka ba. Ya ce abin da aka yanke bai wuce gaɓar yatsa ba. Gaɓar yatsa! A kanta aka daki ƙanena har ya mutu, a kanta na zage shi shekara sittin.

Ta dawo da tabo a ƙarƙashin hammata, da ƙwayoyi, da umarnin a riƙa auna jininta a Tanut har iya rayuwarta. Ranar da ta iso, gida cike da mata ƴan barka, ta zauna a tabarmata ta miƙo ƙafa kan cinyata, abin da jika kaɗai ke iya yi.

“Tsoho, taɓa ka ji. Yanzu ni ce na fasa, na fi ƙarfinka.”

Da ɗumi. A ƙarƙashin yatsana wani abu yana motsi, sannu, sannu. A gaban matan nan da Lawali na ce, “Kin tambaye ni wane ne Mutari, na yi miki ƙarya.” Na faɗa duka, har rigar, har gorar. Cima ta janye ƙafarta ta tashi. Kwana uku ba ta yi mini wasa ba, kuma ta yi daidai. A na huɗu ta zo ta tsaya a kaina ta ce, “Ina gorar?” Tana nan, na ɓoye ta a rumbu tun rasuwar Inna. Ta tsage, ba ta riƙe ruwa. Cima ta goge ta da man shanu ta rataye a ɗakinta.

Nakan tambayi kaina me Mutari zai ce da zai leƙo yau. Na san zai riƙe baki in aka ce masa akwai mutanen da ke buɗe ƙirji su ɗinke jijiya kamar yadda baduku ke ɗinke wasaki, mai ciwon ya tashi ya taka. Zai so ya ga Cima ta ɗauko tulu daga rijiya har gida ba ta sauke ba. Ba na jin zai yi fushi, shi ba mai fushi ba ne. Ni ne nake yi a madadinsa, kuma ban ga dalilin da zan huce ba. Ina fushi da Nasaran da ya zauna a inuwa ya ce a kawo masa maza, da gardin da ke auna ɗan Adam da damtse, da mai bulalar da aka roƙa diga ya hana. Ina fushi da duk wanda ya yi dariya a ƙofar mai gari. Waɗannan sun mutu, suna gaban wanda ya fi ni iya hisabi.

Masu rai fa? Nasara ya tafi tun ba yau ba, amma har yanzu ɗan Damargu sai ya ƙetare ƙasa kafin a yi masa ɗinkin gaɓar yatsa, kuma sai ya jira takarda ta gama hutawa a biro. Manyanmu suna hawa jirgi don ciwon da bai kai wannan ba. Har yanzu akwai ma’aikacin da zai auna damtse ya ga abin mamaki ya ba da ƙwaya, ya kasa sunkuyawa ya duba ƙafa. Har yanzu a ƙauyukanmu yaro yana haɓo ana kiran wanzami, ana cewa jini ya yi masa yawa, ana dukansa a hanyar gona. Majo ya ce ciwon ba shi da yawa, ba kowane mai haɓo ba ne, ba kowane mai gajiya ba ne. Na yarda. Amma a gida ɗaya na gan shi sau biyu, kuma sau biyun ban gane ba. Cima ta tsira ne don uwarta ta yi mini ƙaryar kanwa. Wadda uwarta ba ta iya ƙarya ba fa? Kuma in na gama lissafa duk waɗannan, wanda ya fi cancantar fushina yana zaune yana rubuta muku wannan takarda.

Me ya rage na Mutari? Kabarinsa ba a sani ba. Rijiyar da ya yi wa aiki ta rufta tun shekarun baya. Sai tsagaggiyar gora, sai yarinya ɗaya da ke tafiya da ƙafafunta domin sanyin nasa ya zauna a tafin hannuna har ranar da aka buƙace shi. Balki ta ce in Allah ya ba Cima ɗa namiji, sunansa Mutari. Ni ba ni da bakin magana a kai.

Roƙona gare ku bai da yawa. Wanda bakinsa ya saba da “ƙafar Mutari”, ni na ƙera ta, ku mayar mini da abata in tafi da ita. Mutari ba rago ba ne, shi ne mai tsayawa a bakin rijiya inda maza ke gudu. Kuma don girman Allah kada ku yi abin da na yi. In ɗanku ya ce ƙafafunsa ba sa tafiya, kada ku ɗaga rigarsa ku nuna wa mutane ƙirji. Ku durƙusa ku taɓa ƙafar.